Allon Ummi da Akwatin Baba Ila

Ran nan ƙannen maigidana suna zaune a tsakar gida, kowa ya sunkuya kan wayarsa, sai ƙaraminsu Lawali ya tare wani ɗan faifan katako da ƴata Ummi take garawa a ƙasa. Ya jujjuya shi, ya ga gefensa duk ƙuna, ya ce mene ne wannan. Na ce cikin rami ne, daga katakon akwatin hoto na fitar da shi.

"Matar yaya, wai huda katako ma sana'a ce?" in ji shi. "Ai ko gara tana yi, kuma ba ta karɓar ko dala."

Sauran suka kwashe da dariya. Na ce to, ran da gara ta huda muku rami daidai da ido, ku kira ni in zo koyo. Ban ƙara ba, tuwo yana kan wuta. Amma tunda su da ire-irensu gani suke ramin banza ne, bari in faɗi yadda ake yinsa, da yadda na yi na ƙarshe.

Yawancinku ba ku taɓa ganin akwatin hoto ba. Akwati ne na katako a kan ƙafa uku. A bayansa akwai ƴar ƙofa da mai hoto yake leƙawa, a gefe kuma an ɗinka masa baƙin hannun riga, ta nan yake zura hannu ya wanke hoton a cikin akwatin ba tare da haske ya shiga ba. Ba ruwansa da wutar lantarki, rana kawai yake so. A gaba akwai wani katako da bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, ana zura shi ana zarewa, a tsakiyarsa aka dasa gilashin da muke ce wa ido. Wannan katakon shi ne aikinmu.

Idon ba a nan ake yinsa ba. Na hannu ne, daga Kano ko Damagaram, kowanne da girmansa. Gindinsa na tagulla ne mai haƙora irin na bakin kwalba, kuma asali yana zuwa da zoben ƙarfe da ake ɗaure shi ta baya. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya iso Matameye da zobensa ba. Saboda haka katakon ne da kansa zai riƙe idon, haƙoran tagullar su ci itacen su zauna. In ramin ya yi faɗi, ido ya faɗo ya fashe, mai hoto ya tashi daga sana'a. In ya yi matsi, katakon ya tsage. In kuma ya bar ƙofa ko da ta kan allura ce, haske ya shiga ya ɓata fuskar mutum.

Babana Malam Habu kafinta ne a bayan tasha. Ƙofa yake yi da benci da makara, amma masu hoton Matameye da Kance da Tsauni duk wurinsa suke kawo akwatinsu. Katakon kanti mai kyau ya fi ƙarfinsa, ya fi ƙarfin masu hoton. Mai arahar kuma, siririn nan mai ɓawo-ɓawo, da ya ji wuta sai ya ɗaɗɗaye. Shi ya sa Baba ya koma sayen allo, allon karatu na itacen aduwa, wanda masassaƙa suke kawowa ranar kasuwa. A shafe yake, kaurinsa daidai ne, ga araha. Illarsa ɗaya, ɗanye ake kawo shi. Sai Baba ya sayo ya soke a rufin ɗakin girki, hayaƙi yana bi ta kansa, damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta wuce. In yana son sani ko ya yi, sai ya ƙwanƙwasa shi da farce a kusa da kunne. Wanda ya yi yana amsawa ƙal, ɗanye kuwa sai ya ce dum.

Doka ɗaya yake da ita a kan allo: wanda aka taɓa rubutu a kansa ba ya yankawa, ko an wanke shi fes. An sha kawo masa tsofaffi, busassu masu kyau, ya mayar.

Aikin farko da aka ba ni a shagon shi ne fifita gawayi. Yayyena maza sun tafi cin rani sun ga can ya fi musu, idon Baba kuma ya fara yana, sai aka cire ni daga lakwal, makarantar boko, na koma riƙe masa abin da ba ya gani. Na daɗe ban taɓa katakon kowa ba. Ɓallin da aka zubar yake ba ni ya ce in huda, in na gama ya zura yatsa ya zagaya, ya jefa a murhu. Ran da ya zagaya bai jefa ba, ya ajiye a gefe, ran nan na san na fara.

Kayan aikin ba masu yawa ba ne, kuma ban da zarto da awartaki babu na saye. Ƙusoshi ne dogaye, da basilla, da fasasshiyar kwalba, da gwangwanaye, na tumatir don ƙaramin ido, na madara don babba. Kowane gwangwani an naɗe shi da tsumma da aka shafa wa ƙaro aka barbaɗa yashin gulbi, shi ne magogin. Sai kakin zuma, sai baƙin tukunya.

Ga yadda ake yi. Ka shafa wa zare baƙin tukunya, ka ja shi daga kusurwa zuwa kusurwa ka ɗaga ka saki, ka sake ta ɗaya ɓangaren. Inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya. Ka shafa baƙi a gindin idon ka dangwala shi a nan, ya bar maka zobe. Wannan zoben ba a taɓa shi da wuta. Ta cikinsa ake bi, a bar kamar kaurin ƙwayar dawa. Ƙusa ta yi ja a gawayi, ka ɗauko da awartaki ka soka, ka mayar ka ɗauko wata, rami kusa da rami har ka zagayo. Rabi ta gaba, rabi ta baya, don in ka bi ta fuska ɗaya ramin zai fito baki da faɗi gindi a tsuke. Sannan ka kifa katakon a bakin turmi, ka ƙwanƙwasa tsakiyar da gindin muciya, cikin ya faɗa turmi. Daga nan aikin ya fara. Kankara da kwalba, guga da gwangwani, gwaji da ido, a sake kankara. Nan ne mai gaggawa yake ɓata allon da aka yi shekaru ana jira.

Wani mai hoto daga Tsauni ya taɓa zuwa ana tsakiyar damina, da katakonsa a hammata. Itacen dogon yaro ne, shi ya sare shi da kansa, har yana ƙanshi. Baba ya ƙwanƙwasa ya ce ɗanye ne.

"Malam Habu, so kake ka sayar min da naka," in ji mutumin.

"Nawa ma ba ya neman mai saye. Kai dai ka ji abin da na ce."

"Huda min kawai. Itace ai itace ne."

Baba ya miƙo min ya ce in huda masa. Na huda, ido ya zauna daram, mutumin ya tafi yana cewa ka gani. Itace kuwa in yana bushewa ta faɗi yake tsukewa, ba ya tsukewa ta tsawo. Bayan kaka ramin ya koma kamar ƙwai, ya matse idon ta gefe biyu, ya buɗe ta sama. Mutumin ya ɗauki mazan ƙauye guda da za su tafi cin rani, kowa ya fito da farin tabo a kumatun hagu. Da ya dawo da hotunan, Baba ya kai su dab da ido ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ikon Allah. Duk uwarsu ɗaya?" Mutumin bai yi dariya ba. Ya ce a ba shi na rufin ɗaki.

Gwajin haske kuwa tun da wuri ya dawo hannuna. Da rana tsaka ake yi. A toshe idon da murfinsa, a juya akwatin ya fuskanci rana, ka sa kai ta ƙofar baya a lulluɓe ka da baƙin zane. Da farko ba ka ganin komai, kuma nan mutane suke cewa lafiya lau su fito. Sai ka jira, gumi yana zuba, har idonka ya saba da duhun. In akwai ɓaraka za ka gan ta can kamar tauraro guda.

Kafin a yi min aure sana'ar ta riga ta mutu a tsaye. An buɗe shagunan hoton zamani, ga waya a hannun kowa. Masu akwati suka watse, wani ya koma gyaran rediyo, wani noma. Baba Ila ne kawai, abokin Babana tun suna samari, ya ci gaba da bin ƙananan kasuwannin ƙauye inda wuta ba ta kai ba, har ƙafa ta hana shi. Da Baba ya rasu yayyena suka sayar da bencin aiki da manyan kaya. Ni na ɗauko gwangwanaye da ƙusoshi da awartaki a cikin tsohuwar kwalla, da allo guda da ya rage a rufin ɗakin girki. Na kawo shi gidan miji na soke a nawa rufin. Da na haifi Ummi, wadda ta ci sunan uwar mijina, na ce wannan nata ne ran da za a kai ta makaranta. A tsakani ina ɗan huda wa mata abin da suka kawo, marfin akurki, kujerar tsuguno, ludayin da za a rataya.

Shekarar da ta yi mana tsanani ita ce wadda aka rufe iyaka. Ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da gero yake fitar da kai, abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Maza suka zauna a gida ba tafiya. Inna, uwar mijina, ita take ɗebo hatsin yini, kuma na lura kullum sai ta ƙara zura hannu can ƙasa kafin ta fito da ƙwarya. Da hanya ta buɗe, wani Alhaji Mamman da yake kai mutanenmu aikin gini Kaduna ya aiko cewa motarsa za ta tashi ranar kasuwa mai zuwa. Wanda ya shirya ya hau, wanda bai shirya ba akwai masu jiran gurbinsa. Ya kuma ce kowa ya zo da dantite, wato katin shaida, mai rai, don shingayen hanya sun ƙaru, shi ba zai tsaya roƙo a kan kowa ba.

Katin maigidana ya mutu tun bara, gumi ma ya cinye hoton. Haka na mutum da yawa a cikin ayarin. Sabon kati ba wuya, amma sai da hoto. Shagon hoto ɗaya injinsa ya ƙone saboda wutar da take zuwa tana ɗaukewa, ɗayan tawadarsa ta ƙare yana jiran a kawo daga Kano. Waya cike da hoto, babu mai fitar da shi a takarda. Damagaram kuwa kuɗin mota zuwa da dawowa hatsin kwanaki ne.

"In bai yiwu ba sai in bi ta daji a kan babur, in same su a gaba," in ji maigidana.

Inna ta ce, "Ɗan gidan Liman ma ta daji ya bi. Da wando kaɗai ya dawo."

Washegari da hantsi aka yi sallama a zaure. Baba Ila ne, ya ɗoro akwatinsa a kan amalanken wani. Ya ce mazan unguwa sun dame shi, kuma yana da sauran takarda da garin wankin hoto da ya adana a cikin tulu a ƙarƙashin gado.

"Ƴar Habu, zo ki ga abin da baƙi suka yi min."

Na duba. Akwatin lafiya lau, an yi masa fenti tun da. Katakon gaba ne gara ta shiga ta baya ta cinye, ta bar fatar waje. Na danna da yatsa ya burma. Idon yana naɗe a tsohuwar hula, ko ƙwarzane babu.

"Kayan ubanki suna nan?"

"Suna nan, Baba. Itace ne babu."

"Gari guda a ce babu itace? To ni na kawo nawa idon, saura naki."

Ban fara da allon Ummi ba. Na ɓalle marfin wani ƙaramin kabad na gwada, ƙusa ta farko ya tashi ɓawo-ɓawo. Maigidana ya je wurin mai sayar da allo ya karɓo sabo. Na ƙwanƙwasa, ya ce dum. Duk da haka na gwada, ko Allah zai sa. Ƙusa tana shiga ya yi cuu, ruwa ya tsattsafo a bakin ramin, kafin in kai rabin zobe ya tsage har ƙasa. Yini guda ya tafi a haka. Gari ya waye saura kwana uku kasuwa, kuma katin ma sai an ba shi yininsa a kwamisariya, ofishin ƴan sanda.

Na shiga ɗakin girki na zaro allon. Ya yi baƙi da hayaƙi, na goge da tsumma, na ƙwanƙwasa. Inna tana bakin ƙofa.

"Balki, ina za ki da wannan?"

"Shi kaɗai ne busasshe, Inna."

"Allon takwarata? Na riga na gaya wa Malam ran Laraba za a kawo ta. Geron gumbar sadaka ma na ware shi, a wannan halin da ake ciki. Yarinya tana ta gaya wa ƙawayenta tana da allon kakanta."

"Ba a rubuta komai a kansa ba tukuna."

"Na sani. Ni ma ina da ido. Abin karatu za ki ƙona ki maƙala wa akwatin hoto, mutane su ji."

"A saya mata sabo. Rubutu ba ruwansa da ɗanye."

"Sabon da kika tsaga jiya? Da me za a ƙara sayen wani?"

Ta juya ta nufi rumbu da ƙwaryarta, ta hau, ta zura hannu har kafaɗa. Ta daɗe a haka. Da ta sauko ta wuce ni kamar ba za ta yi magana ba, sai ta tsaya.

"Kar ki taɓa kan allon. Ta ƙasa za ki yanka. Abin da ya rage nata ne."

A zaure na yi aikin, don Baba Ila ya ga komai. Na goya ƙanin Ummi na ɗaure shi tamau, saboda ya fara rarrafe kuma ja yake bi, ga ƙusa a wuta. Ummi na tura ta maƙwabta. Maigidana ya zauna fifita gawayi. Na auna tsohon katakon a kan allon tun daga ƙasa, na ja layi, na sa zarto. Aduwar da ta shekara a hayaƙi tauri gare ta kamar ƙashi, garinta ma ja-ja yake fita. Abin da ya rage ta sama, kan allon ne da ɗan fili kamar tafin hannu. Na miƙa wa Inna, ta shige da shi ɗaki.

Na goge gefuna har katakon ya shiga gurbinsa a akwatin ba girgiza. Na ja zare, na dangwala ido, na fara soka ƙusa. Hayaƙin aduwa ɗaci gare shi, yaron ya yi ta atishawa a bayana, ina soka ina jijjiga shi.

"Da Habu ne da tuni ya gama har ya sha shayi," in ji Baba Ila.

"Baba Habu ba ya goyo."

"Wannan kuma gaskiya ne. Kai kuma maigida fifita da kyau, ba sauro kake kora ba."

Cikin ya faɗa turmi lafiya. Shi ne faifan da Lawali ya gani. Na kankare, na goge da gwangwanin madara, na gwada, na ƙara kankarewa. La'asar ta yi ina nan. Da na ga gindin idon ya fara shiga da ƙyar, na shafa kaki a bakin ramin na fara murɗawa. Ba a murɗawa gaba ɗaya. Kaɗan gaba, a dawo baya, a busa garin, a ƙara. Kuma kunne ake sawa fiye da ido. Haƙora sun ci kamar rabi, sai na ji ƙas.

Ƙarar ba ta kai ta karyewar tsinken tsintsiya ba. Maigidana ma bai ji ba. Baba Ila ya ji, don ya daina magana. Na warware idon a hankali na ajiye a cikin hular, na kai katakon bakin ƙofa wurin haske. Tsaga ce siririya kamar gashi, ta tashi daga bakin ramin ta sama tana bin jijiyar itacen, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. Irin wannan in aka ƙyale ta tafiya take yi har ta fita.

"Shi ke nan?" in ji maigidana.

Na ce ya sa min basilla a wuta. Abin da Baba yake yi shi ne ya nemo daidai inda tsagar ta tsaya, ya huda ɗan rami a nan. Tsaga in ta iso rami mai zagaye ba ta samun bakin da za ta ci gaba. Wahalar ita ce gano ƙarshenta na gaskiya, don tana wuce inda ido yake gani. Na shafa yawu a wurin, na ga inda danshin ya bi ya tsaya, na soka basilla gaba da nan kaɗan. Na kwaɓa ƙaro da garin allon na cusa. Sannan na koma ramin na ƙara kankare shi ta gefe da gefe. Da na sake murɗa idon ya tafi har ƙarshe, ya zauna. Na kifa katakon na girgiza a kan cinyata, bai motsa ba. Na shafe bayan da baƙin tukunya da ƙaro, na jingine shi ya kwana.

Gwajin haske sai da rana ta take washegari. Na ba Inna yaron, na shiga zane. Na jira. Can sai ga tauraro guda ta sama, daidai ramin basilla, ƙaron ya tsuke da ya bushe. Na fito na ƙara cusawa, na yanko zobe daga robar cikin tayar keke na zagaya gindin idon ta baya, na koma. Na daɗe har maigidana ya ce ko barci na yi. Duhu ne ko'ina.

A jikin katangar kasuwa Baba Ila ya kafa, ni ban je ba, maigidana ne ya ba ni labari. Ya ce maza sun yi layi, yara sun taru kamar ana wasan kura. An zaunar da shi farko a kan benci, Baba Ila ya ce, "Ɗaga haɓa. Kar ka motsa, kar ka ƙifta, ka tuna bashin da ake binka." Ya cire murfi ya mayar, ya zura hannu ya wanke. Takardar ta fito toka-toka ba kowa a ciki. Ta biyu ma haka. Layi ya fara gunaguni, wani ya ce aikin mace ne. Baba Ila ya ce da haske ne da tabo za a gani, wannan tsufa ne, takardun saman ne suka sha iska. Ya zaro daga tsakiyar ƙunshin. Sai ga maigidana ya fito, baƙi da fari, kunnuwa a baje, ido a zare kamar an kama shi a gonar wani. Fuska dai tas, babu tabo.

A kwamisariya wanda ya karɓa ya ce rabonsa da irin wannan hoton tun yana yaro, ya buga hatimi. Ranar kasuwa motar Alhaji Mamman ta tashi da maigidana a ciki, da sauran waɗanda Baba Ila ya ɗauka. Kafin rumbu ya kai ƙasa buhun masara na farko ya iso. Akwatin ya yi aiki har takardar tulu ta ƙare, lokacin kuma tawada ta zo daga Kano. Yanzu yana rataye a ɗakin Baba Ila, nesa da ƙasa.

Ran Laraba Inna ta yi gumba, ta sa wa Ummi hijabi, muka tafi tare. Inna ta goge guntun allon ta shafe bakin da zarto ya bi har ya yi santsi. Ummi ta rungume shi a ƙirji. Yaran makarantar suna gani suka fara ƙus-ƙus, wata ta ce allon ƴar tsana.

Malam ya karɓa, ya juya gaba ya juya baya.

"Ina sauran?"

Inna ta buɗe baki, Ummi ta riga ta. "Yana wurin Baba Ila. Shi ya kai Babana Kaduna."

Malam ya dubi Inna, ya dube ni. Ya ƙwanƙwasa allon da farce a kusa da kunnensa.

"Aduwa ce, ta kuwa bushe," in ji shi. "Ku kuma masu dariya, wanda ya cika nasa da karatu ya ɗaga hannu." Babu wanda ya ɗaga. Ya jawo tawada. "Abin da za ta karanta bana ba zai cika wannan ba. Matso, Ummi. Ce a'uzu."

Da masara ta biyu ta iso na sayi allo biyu ranar kasuwa. Ɗaya na Ummi ne, don guntun ya fara yi mata kaɗan. Ɗayan na soke shi a rufin ɗakin girki. Jiya na zaro na ƙwanƙwasa. Bai yi ba tukuna.